Bayan aikin yanar ido: hasken da ba a saba gani ba

Idan likita ya cire yanar ido, ruwan tabarau na roba yake dasawa a gurbinta. Galibin wanda ake sawa a asibitocinmu ƙarfinsa ɗaya ne, ba ya canzawa. Amma masu fita waje neman magani sun fara jin labarin wani sabo na kamfanin RxSight, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 2017. Shi wannan ana daidaita ƙarfinsa yana cikin ido, ta hanyar haska masa hasken UV (wani irin haske da ido ba ya gani), mako 2 zuwa 3 bayan tiyata, kuma sai an koma aƙalla sau 3 kafin a gama kulle shi, wato a tsayar da ƙarfinsa yadda ba zai sake canzawa ba.

Matsalar ita ce rana ma tana da irin wannan hasken. Don haka dole ne mutum ya riƙa sa baƙin tabarau na musamman a waje, da fari a ɗaki, har sai an gama kullewa. Wanda ya yi sakaci ya zauna tsakar gida ido tsirara, robar na iya sauya siffa yadda ba a so, gani ya dusashe, wani lokaci har sai an sake aiki. Bayan haskawar, wasu kan ga komai ya yi ja-ja na ɗan lokaci. Haka nan akwai magungunan da ba sa jituwa da hasken, irin su doxycycline, chloroquine, piroxicam na ciwon gaɓoɓi da hydrochlorothiazide na hawan jini. Duk ana shan su sosai a nan, don haka a gaya wa likita tun kafin a biya kuɗi.

Ko da irin namu aka dasa, Baba na iya cewa fitilar mota na yi masa zobe da dare, ko yana ganin wata inuwa kamar jinjirin wata a gefen ido. Yawanci wannan kan ragu cikin makonni ko watanni. A dai haƙura da tuƙin dare tukuna.

Abin da ba a kwana da shi shi ne zafi mai tsanani, ido ya yi jawur, gani na raguwa, walƙiya cikin ido, ko duhu ya rufo gefe guda. A koma asibiti a ranar. Don Allah kada a ɗiga tozali, nono ko ruwan ganye kafin a je.