Yadda ƙananan halittu masu gashi suke zaman tare a ruwan gaɓar teku

Waɗanne halittu ne ake kira siliyet?

Halittu ne masu ƙwayar jiki guda ɗaya tak, waɗanda suke kaɗa siraran gashin jikinsu domin yin iyo da janyo abinci zuwa baki. Yawancinsu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, sai da madubin likita ake ganinsu. Wasu tsirara suke yawo, kamar Strombidium, wasu kuma, waɗanda ake kira tintinid, suna gina wa kansu gida mai siffar tulu ko ƙaho.

Mene ne abin mamaki a zamansu tare?

A 1934 masanin Rasha Georgy Gause ya nuna cewa idan aka haɗa nau'i biyu na wani siliyet mai suna Paramecium a kwalba ɗaya, da abinci iri ɗaya, ɗayan yakan ƙarar da ɗan'uwansa. Amma a ruwan gaɓa ana samun nau'o'i da dama wuri guda, duk suna cin ƙananan gansakuka da bakteriya. Masani G. Evelyn Hutchinson ya yi tambayar yadda hakan ke yiwuwa a 1961, game da ƙananan gansakukan da igiyar ruwa ke ɗauka.

To, me ya hana ɗaya ya cinye rabon saura?

Dalili mafi ƙarfi, a ganina, shi ne girman baki. Tintinid ya fi cin abin da ya kai kusan rubu'in faɗin bakin gidansa, saboda haka mai faffaɗan baki da mai ƙaramin baki kamar rariya biyu ne masu ido daban-daban, kowa da abin da yake tarewa. Na biyu, teku ba ta tsayawa cik kamar kwalbar Gause: ruwan kogi yana sauya gishiri, zafi yana hawa yana sauka, kuma kafin wani nau'i ya gama rinjaye yanayin ya juya. Wanda lokaci bai karɓe shi ba yakan ƙunshe kansa cikin ɓawo mai tauri, ya kwanta a laka har zamaninsa ya dawo. Ƙananan dangin jatan lande da 'ya'yan kifi kuma suna rage duk wanda ya yi yawa.

Duka da farauta suke rayuwa?

A'a. Wani siliyet mai suna Mesodinium rubrum yana haɗiye wata gansakuka, ya riƙe sassanta masu sarrafa hasken rana, ya ci gaba da amfani da su kamar tsiro. Idan ya yawaita, ruwan gaɓa yakan rine ya koma ja, ko da yake shi kansa ba shi da guba.