Zafin inji a tsoffin motocin tsere

Zafin inji shi ne hauhawar zafin injin mota fiye da iyakar da aka ƙera shi ya jure, har ruwan lagireto ya tafasa ko ƙarfe ya fara lanƙwashewa. Injin fetur mai sanyaya da ruwa yakan yi aiki lafiya tsakanin digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Selshiyas, gwargwadon ƙirarsa. Matsalar ta fi addabar tsoffin motocin tsere, wato ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da aka yi domin gudu a kan titi, saboda babban inji ne aka cusa a ƙaramin wuri, hancin motar yana ƙasa-ƙasa, kafar shigar iska kuma 'yar ƙarama. A arewacin Kamaru da Chadi irin waɗannan motoci ba su da yawa. Akasarinsu na hannu ne daga Turai, irin su Toyota Celica, Golf GTI, Peugeot 205 GTI da tsoffin BMW, da suka shigo ta tashar jiragen ruwa ta Duwala ko ta Kwatano. Da zarar ɗayarsu ta tafasa, akan ɗora laifin a kan rana, alhali a mafi yawan lokuta akwai wani abu da ya riga ya lalace, rana ta tona shi ne kawai.

Yadda tsarin yake aiki

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙona ta ruwa yake fita. Famfon ruwa yana tura ruwan ta kafofin da ke cikin bulo da kan silinda, ya wuce ta tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya sai ya yi zafi, ya bi tiyon sama zuwa lagireto, iska ta ɗauke zafin, ya dawo ta tiyon ƙasa. Fanka tana jawo iska idan mota ba ta gudu. Murfin lagireto kuma yana riƙe matsi don kada ruwan ya tafasa da wuri.

Tarihi

Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a 1886 ba ta da lagireto irin na yau. Ruwan yana tafasa ne ya bi iska, direba ya riƙa ƙarawa a hanya. Wilhelm Maybach ne ya fito da lagireto mai ƙananan kafofi masu yawa, wanda aka sa wa Mercedes 35 hp wajen 1900 zuwa 1901, kuma daga nan ne ya yiwu a ƙara wa inji ƙarfi ba tare da ɗaukar ruwa mai yawa ba. Ford Model T, da aka yi daga 1908 zuwa 1927, in ban da na farko-farko, ba ta da famfon ruwa sam: ruwan zafi yana hawa sama da kansa, mai sanyi ya sauka.

Maganin hana daskarewa na farko barasa ce, wadda ke ƙafewa da sauri. Sinadarin gilaikol ya fara shiga motoci wajen tsakiyar shekarun 1920. Tamostat na farko mai kama da zugazugi ne, ba ya jure matsi, sai mai kakin zuma a ciki ya maye gurbinsa. An ƙirƙiro wannan a shekarun 1930, amma bai game motoci ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu kamfanonin Ingila ma sai a shekarun 1960. Murfi mai matsi ya fara bayyana a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1930. Babban sauyi ne a tarihin nan, ko da yake ba a cika ba shi muhimmanci ba. Ruwa zalla a bakin teku yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin ƙarin matsi na bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) sai ya kai wajen 120. Motocin tsere na farkon shekarun 1960, kamar MGB ta farko, murfinsu wajen rabin bar ne, daga baya aka yi ta ƙarawa har zuwa bar 1.

Daga shekarun 1970 zuwa 1980 lagireton tagulla ya fara ba da wuri ga na alminiyum mai tankin roba. Wannan sauyi ya taɓa sana'ar masu gyaran lagireto kai tsaye. Na tagulla ana narkar da dalmarsa, a cire tankin, a zura siririn ƙarfe a kowace kafa, a mayar a liƙe. Na roba idan ya tsufa tsagewa yake yi a wuya, liƙi kuma ba ya daɗewa a kansa.

Motocin da suka yi suna wajen zafi

Triumph Stag, wadda aka yi a Ingila daga 1970 zuwa 1977, ita ce misalin da aka fi ambata. Injinta V8 mai lita 3 bulonsa baƙin ƙarfe ne, kawunan silinda kuma alminiyum. An ɗora famfon ruwan a can sama tsakanin layukan silinda biyu, don haka da ruwa ya ɗan ragu sai famfon ya riƙa juyawa a bushe. Masu motar da suka zuba ruwa zalla ba magani sun tarar alminiyum ya ruɓe, garinsa ya toshe lagireto, kan silinda ya lanƙwashe. Ana kuma cewa an bar yashin zubi a cikin wasu injunan tun daga masana'anta.

Jaguar E-Type ta 1961 ta fito da ƙaramin baki da fanka mai rauni. Tana lafiya a kan gudu, tana tafasa a cunkoso, har sai da aka faɗaɗa bakin aka sa fanka biyu ta lantarki a samfurin 1968. Fiat X1/9 ta 1972 da Toyota MR2 ta 1984 injinsu a tsakiya yake, lagireto a gaba, bututai masu tsawo suna bi ta ƙarƙashin mota. Iska takan maƙale a ciki bayan canjin ruwa, kuma dole a fitar da ita ta wuraren da aka tanada. Wasu BMW na shekarun 1990 fikafikan famfonsu na roba ne, sukan karye ba tare da ɗigon ruwa ko ƙara ba.

Peugeot 504 Coupé, daga 1969 zuwa 1983, ta fi kusa da yankin, domin samfurinta mai silinda huɗu dangi ɗaya ne da 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Mai V6 ɗin ta lashe gasar tsere ta Safari a Kenya da ta Bandama a Kwaddibuwa a 1978. Fankar injin mai silinda huɗu tana da maganaɗisun lantarki da ke kama ta sai ruwa ya yi zafi. Idan gawayinta ya cinye ko makunnin ya mutu, fankar tana juyawa a banza ba ta jan iska. Tsoffin kanikawa sun san ƙusoshi uku da ke jikinta, waɗanda idan aka ɗaure su fankar za ta kama dindindin har a isa gida.

Yanayin yankin

A Garwa, Marwa, Kuseri da Njamena zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Lagireto yana aiki ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska, saboda haka motar da aka auna wa sanyin Turai ta riga ta rasa wani kaso na ƙarfin sanyayawarta tun kafin wani abu ya lalace. A lokacin hunturu ƙura tana cika tsakanin haƙoran lagireto, musamman inda akwai ɗigon baƙin mai da zai riƙe ta. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da gishiri da farar ƙasa, a yankin Tafkin Chadi har da kanwa, kuma duk zubi ɗaya yana barin ɓawo a cikin kafofin.

Wurare biyu ne suke gwada mota ta fuska biyu. Layin jira a gadar Ngeli, tsakanin Kuseri da Njamena, yana gwada fanka. Hawan dutsen da ke kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere yana gwada lagireto da murfi, domin tudun Ngaundere ya haura mita 1,000 sama da teku, inda ruwa zalla ke tafasa wajen digiri 96 idan murfi ba ya riƙe matsi.

Gano musabbabi

Gwanin bakanike ba ya fara da kwance inji. Tambayarsa ta farko ga mai mota ita ce: "Alhaji, a tsaye take zafi ko a kan gudu?" Amsar tana raba matsalar gida biyu.

Idan allurar agogon zafi tana hawa a cunkoso, tana sauka da an kama hanya, iska ce ba ta isa. Sai a duba fanka, fanbel, makunnin fanka da fis ɗinta, da kuma robar da ke kewaye fankar, wadda sau da yawa akan cire lokacin wani gyara a manta ba a mayar ba. Fanka mai kulocin mai idan ta mutu, inji yana da zafi aka kashe shi, za a ga tana juyawa sakwa-sakwa da an ture ta da yatsa. Akan kuma samu fankar lantarki da aka juya wa waya, tana tura iska gaba maimakon ta ja ta.

Idan a tsaye lafiya, sai a kan gudu ko a hawa take zafi, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe. Bayan an kashe inji ana shafa fuskar lagireton daga sama zuwa ƙasa. Inda aka ji sanyi a tsakiyar zafi, kafofin wurin sun toshe. Tiyon ƙasa da ya yi laushi yakan tsuke idan aka ba da wuta, ya shaƙe famfo, ya buɗe da an saki totur, shi ya sa yake wuyar kamawa. A motoci masu kafireto, taimin da ya yi baya ko ƙarancin mai a cikin haɗin iska yana haifar da irin wannan zafi ko da tsarin ruwa ƙalau yake. Man zuwa-zuwa da ake sayarwa a kwalabe ingancinsa ba ɗaya ba ne, inji mai matsi sosai yakan yi ƙwanƙwasa da shi, ya ƙara zafi.

Idan kuwa cikin 'yan mintuna da tashi allurar ta kai ja, tiyon sama kuma da sanyinsa, tamostat ne ya maƙale a rufe. Ana gwada shi a tukunya a kan wuta tare da ma'aunin zafi. Lambar da zai buɗe a kanta tana rubuce a jikinsa, yawanci 82 ko 88.

Kafin duk wannan ya kamata a tabbatar allurar ba ƙarya take yi ba. A tsoffin motocin Ingila akwai ƙaramin abin daidaita wuta a bayan dashbod da ke ba agogon zafi da agogon fetur wuta volt 10. Idan ya lalace, allurorin biyu suna hawa tare. Abu mafi haɗari shi ne akasin haka: allurar da ta hau, sannan ta faɗo ƙasa farat ɗaya. Wannan na nuna ruwa ya ƙare, na'urar aunawa tana cikin tururi. Ɗan hawan allura bayan an kashe inji ba laifi ba ne.

Murfi shi ne abu mafi arha a tsarin, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Roba ta tsage ko sifirin ya saki, motar za ta riƙa amayar da ruwa a digiri 100 alhali komai nata lafiya. Famfon gwaji na hannu yana nuna hakan nan take, yana kuma fito da ɗigon da ba a gani. Ba a buɗe murfi inji yana da zafi, ba a kuma kwara ruwan sanyi a injin da ya tafasa, domin kan silinda yana iya tsagewa.

Ƙonewar gasket

Gasket ɗin kan silinda, wato faifan da ke liƙe tsakanin bulo da kan silinda, yakan ƙone sakamakon zafi, shi ma kuma yakan haddasa zafi. Alamominsa su ne kumfa da ke tasowa a bakin lagireto inji yana aiki, tiyo da ke tauri da wuri tun inji bai ɗumama ba, farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi a salansa, fulogi ɗaya da ya fita tsaf fiye da sauran, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. Ba lallai su taru duka ba. Akwai ruwan gwaji mai launin shuɗi da ke komawa rawaya idan hayaƙin inji ya shiga ruwan lagireto. Duk gasket da aka canza ba a auna lafiyar kan silinda ba, ba a kuma gano abin da ya ƙona na farko ba, to za a sake kwance shi.

Injin da iska ke sanyayawa

Porsche 911 daga 1964 zuwa 1998 ba ta da ruwa. Zafin baƙin mai ake dubawa, kuma idan fanbel ya tsinke dole a tsaya nan take.

Saɓani

Cire tamostat al'ada ce da ta yaɗu a garejin yankin. Masu yi suna cewa ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Masu ƙera motoci ba su yarda ba, kuma a injin da tamostat ɗinsa ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, cire shi yana sa wani kaso na ruwan ya riƙa kewaye lagireto bai shiga ba.

Kan maganin lagireto, gaskiya ne ruwa zalla ya fi gilaikol ɗaukar zafi, sanyi mai daskarar da ruwa kuma babu shi a mafi yawan yankin. Amma maganin ne ke hana tsatsa da ruɓewar alminiyum. Da yawa sun tsaya a kan kashi ɗaya na magani, kashi biyu na tataccen ruwa. Zuba ƙwai ko garin barkono don toshe ɗigo yakan kai mota gari na gaba, yakan kuma toshe kafofin da suka rage.