Babban Bangon Los Angeles

Babban Bangon Los Angeles zanen bango ne da ke unguwar Valley Glen, cikin kwarin San Fernando, a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya ta Amurka. Sunansa na asali shi ne Tarihin Kalifoniya. Tsawonsa ƙafa 2,754 ne, wato kusan mita 840, tsayinsa kuma wajen ƙafa 13, kuma ana lissafa shi cikin zanen bango mafiya tsawo a duniya. An yi shi ne a jikin katangar kankare ta magudanar ruwan Tujunga, daura da titin Coldwater Canyon, tsakanin titin Oxnard da na Burbank. Mai zane Judith Baca ce ta tsara aikin ta kuma jagorance shi, amma hannayen da suka shafa fentin na matasa ne sama da 400, galibinsu 'yan shekara 14 zuwa 21, waɗanda aka ɗauka aiki ana biyansu a lokutan dogon hutun makaranta.

Asali

Bayan ambaliyar 1938 da ta yi ɓarna mai yawa a Los Angeles, sashen injiniyoyi na sojojin Amurka ya lulluɓe kogin birnin da rassansa da kankare, har suka koma manyan lambatu. A 1974 wannan sashe ya tuntuɓi Baca kan yadda za a ƙawata wani yanki na magudanar Tujunga.

Ba banza aka nemi ta ba. An haifi Baca a Los Angeles a 1946, 'yar asalin Meziko ce, kuma ta yi koyarwa kafin ta koma aiki da hukumar wuraren shaƙatawa ta birnin. A 1970 ta tara matasa kusan 20 daga gungu huɗu na 'yan unguwanni da ba sa ga-maciji da juna a Boyle Heights, suka yi zane tare a dandalin Hollenbeck. Nasarar wannan ce ta kai ga kafa shirin zanen bango na birnin baki ɗaya a 1974, ita ce kuma shugabarsa. A 1976 ita da Christina Schlesinger da Donna Deitch suka kafa cibiyar SPARC mai kula da fasahar zane ta jama'a, wadda ta zauna a tsohon ofishin 'yan sanda na unguwar Venice. Cibiyar ce ke riƙe da aikin bangon har yau. Baca ta sha kwatanta zanen da jarfa da aka yi a kan tabon da ya rage a inda kogi ya taɓa gudana.

Matasan da suka yi aikin

An fara fenti a 1976 da matasa 80, masu zane 10 da masana tarihi biyar. Yawancin matasan farko hukumomin shari'ar yara ne suka turo su, domin kuɗin da aka samu a lokacin na kula da yaran da suka taɓa shiga hannun hukuma ne. A shekarun da suka biyo baya an buɗe ƙofa ga wasu yaran talakawa ta shirye-shiryen gwamnati na samar wa matasa aikin hutu. Akwai 'yan asalin Meziko, da baƙaƙen fata, da fararen fata, da 'yan asalin Asiya, maza da mata, kuma da yawansu ba su taɓa riƙe buroshin fenti ba.

Haɗa irin waɗannan yara wuri guda yana da wuya, don wasunsu sun zo da gabar unguwa. An rarraba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da babban mai zane a kansa, kuma da gangan aka gauraya ƙabilu da unguwanni a cikin kowane rukuni. Ban da fenti, akwai darasin tarihi daga malaman jami'a da dattawan da abin ya faru a kan idonsu, akwai wasan kwaikwayo da ake sa yaran su yi don su saba da juna, akwai kuma masu ba da shawara ga wanda ya zo da matsalar gida. Lissafi ma ya shigo ciki, tunda ba yadda za a faɗaɗa zane daga takarda zuwa bango sai da awo. Wasu sun riƙa dawowa hutu bayan hutu har suka zama masu kula da sababbin shiga. An rubuta sunayen mahalarta a jikin bangon, a ƙarshen sashen da suka yi, kuma wannan na daga abin da ya bambanta aikin da yawancin zanen da ake sa yara a ciki don ɗaukar hoto kawai.

Yadda ake aikin

A shekarun da aka yi wannan aiki, kowane sashe yana cin kusan shekara guda ana bincike da tsarawa kafin a taɓa bango. Fentin kansa makonni ne na lokacin zafi, lokacin da ruwan magudanar ya ja baya.

Da farko ana jera buhunan yashi don karkatar da ɗan ruwan da ke bin ƙasan magudanar, a sauke kayan aiki da dandamalin hawa. Sai a kankare katangar da feshin yashi da na ruwa mai ƙarfi, domin fenti ba ya kama kankaren da ke da ƙura ko gansakuka, ɓarewa yake yi. Idan ta bushe a shafa mata maganin toshe ƙofofin siminti, a bi da farin fenti na share fage.

Daga nan sai awo. Ana shafa wa igiya garin alli, mutum biyu su ja ta ta miƙe, na uku ya ɗaga tsakiyarta ya sake ta, ta bar layi a bango. Haka ake yi a tsaye da a kwance har katangar ta zama gida-gida daidai da gidajen da ke kan takardar zane. Kowane yaro yana kwafe abin da ke gida ɗaya na takarda zuwa takwaransa na bango. Kuskuren gida ɗaya yana karkatar da fuska ko hannu, kuma ba a ganin hakan sai an hau ɗaya gefen magudanar an hango daga nesa, wanda daga can ne masu kallo za su gan shi.

Bayan an bi layukan da fenti mai duhu, ana shafe bangon duka da wani ja mai ɗaukar shunayya, tsararo yadda layukan za su riƙa bayyana ta ƙarƙashinsa. Amfaninsa biyu ne: yana rage ƙyallin farin bango da ke kashe ido a rana, yana kuma haɗa kan launukan da za a ɗora, ta yadda aikin hannaye da yawa zai fito kamar na hannu ɗaya. Sai a sa inuwa da haske, a ɗora launuka, a rufe da ruwan kariya mai sheƙi.

Babban haɗarin wurin ruwa ne. Ruwan sama da ya sauka a kan duwatsu can nesa yana iya cika magudanar cikin ɗan lokaci, kuma a 1983 ambaliya ta kwashe kayan aikin masu zanen, sai da jama'a suka yi karo-karo aka ci gaba. Zafin kwarin San Fernando shi ma yana busar da fenti a kan buroshi, shi ya sa ake farawa da sassafe.

Abin da zanen ya ƙunsa

Sashen 1976 mai ƙafa 1,000 ya faro daga dabbobin zamanin da na ramukan kwalta na La Brea da al'ummar Chumash, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, ya bi ta zuwan Sifaniyawa har farkon ƙarni na 20. Masu zane daban-daban ne suka tsara shi, kuma ana ganin rashin haɗuwar salonsu. A 1977 Baca ta je horo a cibiyar koyon zanen bango ta Siqueiros da ke Cuernavaca a Meziko, kuma sassan 1978, 1980, 1981 da 1983 sun fi ɗinkewa, hoto yana zubowa cikin hoto.

Tarihin da aka zaɓa na mutanen da littattafan makaranta suka tsallake ne: 'yan China da suka shimfiɗa layin dogo da kisan gillar da aka yi musu a 1871, korar 'yan asalin Meziko a shekarun 1930, tsare 'yan asalin Japan a sansanin Manzanar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rikicin 1943 da sojoji suka far wa samarin Meziko, likita Charles Drew da aikinsa kan adana jini, da tashin mazauna unguwar Chavez Ravine inda aka gina filin wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Dodgers. Zanen ya tsaya a shekarun 1950. Wasu na sa kammala shi a 1983, wasu a 1984.

Gyara da ci gaba

Rana da ruwa sun kodar da launukan cikin shekaru kusan talatin. An kammala babban gyara a 2011, kuma wasu daga cikin yaran da suka yi aikin farko sun dawo a matsayin manya suka sa hannu. A 2017 aka shigar da bangon cikin rajistar wuraren tarihi ta Amurka. A 2021 gidauniyar Mellon ta ba da dala miliyan 5 don a ƙara shi daga shekarun 1960 zuwa gaba, kuma an fara zana sababbin sassan a cikin gidan adana kayan fasaha na LACMA a 2023, a kan wani irin ƙyalle da za a liƙa a bangon daga baya.