Magungunan hana daskarewar jini ga yara

Magungunan hana daskarewar jini, waɗanda aka fi sani da magungunan tsinka jini, su ne ake bai wa yaro idan gudan jini ya toshe masa jijiya, ko kuma idan likita ya hango hakan na tafe. Ba sa narkar da gudan da ya riga ya kafu. Aikinsu shi ne su hana shi girma, su kuma hana wani sabo fitowa, har jiki ya narkar da tsohon da kansa. Manyansu su ne heparin da warfarin, sai sababbin magungunan sha irin su rivaroxaban da dabigatran. Dukkansu don manya aka fara yin su, kuma an daɗe ana rage wa yara awon manya bisa kintace kafin a samu binciken da aka yi a kan yaran su kansu.

Tarihi

Heparin ne ya riga sauran. Ana danganta gano shi da shekarar 1916, lokacin da wani ɗalibin likitanci mai suna Jay McLean yake aiki a ƙarƙashin William Howell a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Daga hantar kare aka fara tatso shi, sunansa ma daga kalmar hanta ta Girkanci ya fito. Masana tarihi sun yi saɓani a kan wanda ya fi cancantar yabon tsakanin ɗalibin da malaminsa. Sai wajen tsakiyar shekarun 1930 aka iya tace shi sosai, a Toronto ta Kanada da kuma ƙasar Suwidin, har ya kai a yi wa mutum allurarsa.

Warfarin kuwa daga garken shanu labarinsa ya faro. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a arewacin Amurka da Kanada saboda zubar jini da ba ya tsayawa. Da an yi wa bijimi fiɗiya ko an yanke masa ƙaho, sai jini ya yi ta zuba har ya faɗi. Likitan dabbobi Frank Schofield ya gano cewa harawar wata ciyawa ce da ta yi fumfuna take jawo abin. A 1933 wani manomi ya je Jami'ar Wisconsin da matacciyar saniya da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, ya tarar da masanin sinadarai Karl Link. Wajen 1940 mutanen Link suka ware sinadarin da ke cikin harawar. Daga gare shi aka ƙera warfarin, wanda ya fara shiga kasuwa a 1948 a matsayin maganin ɓera. An amince a ba mutane shi a 1954, sannan ya yi suna bayan da aka bai wa shugaban Amurka Eisenhower shi a 1955, sa'ad da ya yi bugun zuciya.

A ɓangaren yara, babu sunan da ya kai na Maureen Andrew, likitar yara ta Jami'ar McMaster a Kanada. Daga 1987 ta riƙa wallafa ma'aunin sinadaran daskarewa a jinin jarirai, cikakkun haihuwa da bakwaini, wata bayan wata. Ita da abokan aikinta suka kafa rajistar yaran Kanada masu gudan jini, wadda rahotonta na 1994 ya nuna kimanin yara 5 cikin kowane 10,000 da aka kwantar a asibiti. Ta kuma buɗe layin waya kyauta inda likitoci daga ko'ina suke kira su nemi shawara. Ta rasu a 2001, amma yawancin awon da ake amfani da shi a yau daga aikinta ya samo asali.

Jinin jariri

Jariri yakan zo duniya da kusan rabin abin da babba yake da shi na sinadaran daskarewa masu dogaro da bitamin K. Haka ma antitrombin, sinadarin da heparin yake jingina da shi kafin ya yi aiki, kaɗan ne a jikinsa. Sai ya kai wajen wata shida suke kusantar na manya. Ga shi kuma jikinsa yana saurin fitar da maganin. Wannan ne ya sa jinjiri yake buƙatar awo mafi yawa a kan kowane kilo fiye da yaro ɗan shekara goma, abin da yakan ba iyaye mamaki.

Dalilai

Da wuya lafiyayyen yaro ya yi gudan jini haka kawai. Babban dalili shi ne siririyar robar da ake zurawa cikin babbar jijiya ta wuya ko ƙirji ko cibiya don ƙarin ruwa da magani na tsawon lokaci. Ita ce sanadin mafi yawan gudajen jarirai. Sauran sun haɗa da sankarar jini, ciwon zuciya na haihuwa, ciwon ƙoda mai kumbura jiki, sikila, ƙwayoyin cuta a jini, da matsanancin ƙarancin ruwa. An fi ganin matsalar a ƙasa da shekara ɗaya da kuma lokacin balaga. Wani bincike a asibitocin yara na Amurka ya nuna ta ƙaru daga 34 zuwa 58 cikin kowace kwanciya 10,000 tsakanin 2001 da 2007.

Magungunan

Heparin na asali ta jijiya ake ba da shi, a asibiti kawai. Yana saurin kama aiki, yana saurin barin jiki, kuma yana da makari mai suna protamin, shi ya sa aka fi son sa ga yaron da za a iya shiga da shi tiyata kowane lokaci.

Enoxaparin, wanda heparin ne da aka daddatsa, shi ne aka fi bai wa yara. Allura ce ta ƙarƙashin fata, a cinya ko ciki, sau biyu a rana. Awon farawa da aka saba shi ne miligiram 1.5 a kowane kilo ga jaririn da bai kai wata biyu ba, da miligiram 1 ga wanda ya haura haka. Ana ɗibar jini awa huɗu zuwa shida bayan allura don a daidaita awon. Wahalarsa a fili take: uwa ce za ta riƙa tsira wa ɗanta allura safe da yamma har makonni, cinyar duk ta yi tabo-tabo.

Warfarin ƙwaya ce, yana da araha, amma yana da wuyar sha'ani. Ana bibiyarsa da gwajin jini na INR, wanda galibi ake son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Abinci yana juya shi, domin bitamin K yana rage ƙarfinsa: nonon uwa ba shi da bitamin K da yawa, madarar gwangwani kuwa an ƙara mata shi, don haka jarirai biyu masu nauyi ɗaya za su iya buƙatar awo daban. Zazzaɓi, gudawa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta duk suna sauya ƙarfinsa. Yana kuma cutar da ɗan tayi.

A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da dabigatran da rivaroxaban ga yara, na biyun bayan gwaji a kan yara 500. Ana fara su ne bayan aƙalla kwana biyar na heparin, ba sa buƙatar yawan gwajin jini, kuma rivaroxaban yana da na ruwa ga ƙanana. Ba a ba da su ga mai ƙofar zuciya ta ƙarfe.

Asfirin kan ƙwayoyin jini masu manne rauni yake aiki, kuma ana ba da shi a cutar Kawasaki, wadda take kumbura jijiyoyin jinin yara, da bayan wasu tiyatocin zuciya.

Tsawon magani da rigakafi

An saba da wata uku ga gudan da aka san dalilinsa, wata shida zuwa shekara ga wanda ba a sani ba. Binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna mako shida ya wadatar da yara da yawa, idan dalilin ya kau kuma jijiyar ta fara buɗewa. Batun bai wa duk yaro mai robar jijiya maganin rigakafi bai samu karɓuwa ba. A kan ƙaramin gudan da ba ya nuna alama kuwa, likitoci sun rabu.

Haɗari

Zubar jini ne babban haɗarin: haɓon da ya ƙi tsayawa, jinin dasashi, baƙin bayan gida, jini a fitsari, ko matsanancin ciwon kai bayan faɗuwa. Kowanne daga cikinsu na garzayawa asibiti ne.

A ƙasar Hausa

Yaran da aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, sau da yawa sakamakon ciwon maƙogwaro da ya taɓa zuciya, suna shan warfarin iya rayuwarsu, kuma samun gwajin INR a kai a kai babban nauyi ne ga iyalin da ke nesa da birni. Ganyaye irin su alayyahu suna da bitamin K. Ba a hana yaro miyarsu, ana dai so kada a yawaita yau a daina gobe. Rifampicin na tarin fuka yana raunana warfarin ƙwarai. Kaciya, cire beli, ƙaho da duk aikin wanzami ba a yi wa yaron da ke kan waɗannan magunguna sai da sanin likitansa, haka ma jiƙe-jiƙen gargajiya.

Shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila ba da waɗannan magunguna ake kare ta ba, sai da ƙarin jini ko maganin sikila mai suna hydroxyurea, kuma an gwada na biyun a asibitocin Kano. Yawancin heparin daga hanjin alade ake tatso shi. Malamai da dama sun halatta shi bisa lalura, akwai kuma fondaparinux wanda ba daga dabba ake yin sa ba.