Injiniyan Lantarki Mai Zana Uwar Garke

Injiniyan lantarki mai zana uwar garke ƙwararre ne da ke tsara kayan cikin manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai, suna kuma amsa buƙatun wasu na'urori ta intanet. Ana kiran irin wannan kwamfuta sabar, wasu kuma su ce uwar garke, saboda ita sauran na'urori ke bi. Duk lokacin da ɗan kasuwar Dole a Damagaram ya tura kuɗi ta waya, wata uwar garke ce da bai taɓa gani ba ta karɓi saƙon ta tabbatar da shi.

Abin da ya raba ta da kwamfutar ofis shi ne ba a son ta tsaya, dare da rana, shekara da shekaru. Kwamfutar NeXT da Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, ya mayar uwar garken shafukan ta farko a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai a 1990, an manna mata takarda da rubutun hannu mai gargaɗin kada a kashe ta. Kusan duk shawarar da injiniyan ke yankewa daga wannan sharaɗi take tasowa.

Aikin yakan fara ne da awo. Ana jera waɗannan na'urori a cikin kantar ƙarfe mai faɗin inci 19, kowane hawa kuma tsayinsa milimita 44.45 ne, babbar kanta tana da hawa 42. A cikin wannan ɗan fili ne injiniya zai shigar da ƙwaƙwalwar na'ura, ma'ajiyar bayanai, fankoki da akwatin wuta. Galibi ba shi ke ƙera ƙwaƙwalwar ba, zaɓa yake yi, misali tsakanin Xeon da Intel ya fara fitarwa a 1998 da EPYC na AMD da ya fito a 2017. Daga nan sai ya zana babban allon da komai ke zaune a kansa, wanda ke ɗauke da hanyoyin tagulla hawa-hawa fiye da goma. A tsari na biyar na PCI Express, wato ƙa'idar da sassan allon ke bi wajen aika wa juna saƙo, wanda aka kammala a 2019, kowane layi yana aika sigina sau biliyan 32 a daƙiƙa, kuma a irin wannan gudu ɗan bambancin tsawo tsakanin layuka biyu, ko wata kwana da ba ta dace ba, ya isa ya gurɓata saƙo. Shi ya sa ake gwada zanen a manhaja tun kafin a kai shi masana'anta. Ana kuma sa ma'ajiya nau'in ECC mai gano kuskure ta gyara shi da kanta.

Mafi wuyar sashen shi ne wuta. Ƙwaƙwalwar na aiki da kimanin bolt 1 kacal, amma tana shan wat ɗaruruwa, wanda ke nufin amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) ɗaruruwa za su ratsa wurin da bai kai tafin hannu ba. Asarar wutar da ake yi a wayar lantarki tana ƙaruwa ne gwargwadon yawan amfiya sau kansa, saboda haka manyan kamfanoni suka fara barin bolt 12 suna rarraba wuta da bolt 48 a cikin kanta: da yake bolt ya ninka sau huɗu, amfiya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, asara ta koma kashi ɗaya cikin 16. Google ya gabatar da wannan tsari a 2016 ga ƙungiyar Open Compute Project, wadda Facebook ya kafa a 2011 domin kamfanoni su riƙa buɗe wa juna zanen na'urorinsu. Ana kuma sa akwatin wuta biyu a na'ura ɗaya, ta yadda za a zare wanda ya lalace ba tare da an kashe ta ba.

Duk wat ɗin da ya shiga na'ura zafi yake zama, kuma dole a san ta inda zai fita. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga na'ura ta kasance tsakanin digiri 18 da 27, alhali katin lissafi na H100 da kamfanin Nvidia ke ƙerawa shi kaɗai yana iya shan wat 700, abin da ya sa ake komawa sanyayawa da ruwa. A Damagaram, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu ke toshe fanka, waɗannan alƙaluma ba baƙin abu ba ne. Wutar yankin ma wani ɓangarenta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma yankewar da aka yi a Agustan 2023 ta nuna cewa ɗakin na'urori da ba shi da batir da janareto aikinsa rabi ne.

Idan allon farko ya dawo daga masana'anta, injiniya kan shafe makonni yana kunna shi sashe-sashe, yana auna sigina, yana gasa shi a ɗakin gwaji, yana girgiza shi. Ba kasafai zanen farko ke wucewa ba tare da gyara ba.

Hanyar shiga sana'ar tana bi ta lissafi da kimiyyar fizik tun daga lise, sannan karatun injiniya na kimanin shekara biyar bayan bakaloriya, kamar wanda ake yi a makarantar koyar da injiniyoyi ta EMIG da ke Yamai. Zanen kansa a Amurka, Taiwan da Sin aka fi yin sa, a kamfanoni irin su Dell, HPE, Supermicro, Lenovo da Quanta. Injiniyoyin da ke aiki a Nijar sun fi riƙe girkawa, kula da wuta da sanyaya ɗakunan na'urori na bankuna da kamfanonin sadarwa, kuma aikin shimfiɗa zaren intanet mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, ya haɗa da reshe daga Damagaram zuwa iyakar Najeriya ta Magarya da cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai.