Kuɗin ɗaki daban, kuɗin riƙe gurbi daban: ƙa'idar hostal a jami'o'in Amurka kafin yaro ya zaɓi makaranta

Wani dare cikin watan Maris wajen ƙarfe sha ɗaya Yaya ta kira ni hankalinta a tashe. Ɗanta ya samu admishan a jami'o'i biyu a Amurka, ɗaya ta turo imel wai ɗakunan 'yan shekarar farko suna ƙarewa, wanda ya riga biya shi zai riga zaɓa, ita kuma ɗayar da yaron ya fi so har lokacin ba ta faɗi nawa za ta rage masa a kuɗin makaranta ba. Ta ce min, "Ni dai a biya duka biyun mu huta, in ya so daga baya a saki ɗaya." Na ce Yaya don Allah ki dakata, a turo min imel ɗin tukuna. Da na buɗe sai na ga kuɗi iri biyu ake magana a kai, su kuma sun ɗauka abu guda ne, kuma a nan yawancin mutanenmu suke yin asara, wasu ma har su jefa admishan ɗin yaro cikin haɗari ba su sani ba.

Mu a gida mun saba sai ka karɓi admishan a JAMB, ka biya kuɗin amincewa, ka yi rajista, sannan a fara rububin gado a hostal. A can abin yakan zo a birkice, wani lokaci layin ɗaki yana buɗewa tun kafin ka yanke shawarar makarantar da za ka je, wani wurin ma tun kafin a ce an ɗauke ka.

Kuɗi na farko shi ne dipozit na riƙe gurbi. Wannan shi ne kake cewa makaranta "na zaɓe ku, ina zuwa", yawanci 'yan ɗaruruwan daloli ne kuma galibi ba a mayarwa, sai dai a cire maka shi daga kuɗin zangon farko. Na biyu kuɗin ɗaki ne, wanda ofishin gidajen ɗalibai ke karɓa, ofishi ne mai zaman kansa da fom ɗinsa da ranakunsa, kuma shi ma yakan rabu biyu: ɗan kuɗin cike fom da ba ya dawowa, da kuma kafin alƙalami na ɗakin wanda sau da yawa ana mayarwa in ka janye kafin ranar da suka sa.

Babu wata dokar tarayya guda ɗaya da ta tsara wannan, ya kamata a gane haka tun farko. Abin da ke akwai al'ada ce mai ƙarfi, da sa hannun da yaro ya yi da kansa, da kuma yarjejeniyar ɗakin.

Al'adar ita ce 1 ga Mayu. Shekara da shekaru ƙungiyar jami'an ɗaukar ɗalibai da masu ba su shawara, NACAC, ta tsayar da cewa ɗalibi yana da dama har zuwa wannan rana ya kwatanta tayin da aka yi masa, ya ga tallafin kuɗi, sannan ya zaɓa, kuma kada a yi amfani da sikolashif ko ɗaki a matsa masa ya amsa da wuri. To a 2019 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ce wasu daga cikin ƙa'idojin ƙungiyar suna toshe gasa tsakanin makarantu, dole a watan Satumba na shekarar ƙungiyar ta cire guda uku. Ɗaya ita ce wadda ta hana a yi wa ɗalibi kwaɗayi da abu kamar ɗaki na musamman don ya shiga tsarin Early Decision, inda ake nema da wuri tare da alkawarin zuwa in an ɗauke ka, wata kuma ita ce ta hana makaranta ci gaba da zawarcin yaron da ya riga ya ba wata makaranta amsa. A 2020 kundin gaba ɗaya ya koma shawara, ba tilas ba. Shi ya sa yanzu irin imel ɗin da ya tayar wa Yaya hankali ya yi yawa, kuma ni gaskiya abin yana min ciwo, domin wanda matsin ya fi kamawa shi ne ɗan talakan da ke jiran ya ga nawa za a rage masa, mai kuɗi ko a jikinsa. Duk da haka 1 ga Mayu tana nan a yawancin makarantu, wani lokaci ma akan ɗaga ta, kamar a 2024 da fom ɗin tallafin gwamnati na FAFSA ya makara, Jami'ar Kalifoniya ta mayar da tata 15 ga Mayu wasu kuma suka kai 1 ga Yuni.

Sa hannun kuma, duk wanda ya nemi makaranta ta Common App, wato shafin da ake cike fom ɗaya a nemi jami'o'i da yawa, akwai wurin da ya amince cewa makaranta ɗaya tak zai tura wa dipozit na riƙe gurbi, kuma in ya tura wa fiye da ɗaya ana iya janye masa admishan a dukkansu. Yara suna danna wurin nan su wuce ba su karanta ba. Da na tambayi ɗan Yaya sai ya ce, "Wallahi Kawu ban ma tuna na ga wannan ba." Togaciyar da aka yi ita ce ta wanda ke jerin jira, in makarantar da ta ajiye shi ta kira shi daga baya zai iya biya a can, da sharaɗin ya sanar da ta farko cewa ya fasa, kuɗinsa na farko kuwa ya tafi. Ba kullum ake kama mai biya biyu ba, na sani, amma makarantar sakandare ce ke tura sakamakon ƙarshe kuma wuri ɗaya ake sa ran ta tura, sannan ga yaron da ke jerin jira yana can an tare masa gurbi a banza. Wanda kuma ya shiga ta Early Decision, tsarin da ake rufe nema a Nuwamba a ba da amsa a tsakiyar Disamba, shi ya riga ya ɗaure kansa, in an ɗauke shi sai ya janye sauran takardunsa, babu zancen riƙe ɗaki a wani wuri.

To ɗaki fa, za a iya nema a makarantu biyu? Ya danganta da yadda makarantar ta ɗaura abin. Akwai waɗanda suka raba su kwata-kwata, kamar Jami'ar Florida da Jami'ar Texas da ke Austin, inda aka saba yaro ya cike fom ɗin ɗaki bayan ya tura takardar neman shiga tun kafin sakamako ya fito, kuma ranar da ya cike tana tasiri a layi. A irin wannan, cike fom ɗin ɗaki ba alkawarin zuwa ba ne, ka yi a wuri biyu ko uku ba ka karya komai ba, iyaka ka yi asarar kuɗin fom. Akwai kuma waɗanda shafin ɗaki ba zai buɗe maka ba sai ka biya na riƙe gurbi, to nan ne tarkon yake, domin in ka biya don ɗaki kawai, a wurinsu ka riga ka ce kana zuwa. Sannan akwai waɗanda duk gaggawar ba ta da amfani, don sun lamunce wa kowane ɗan shekarar farko gado in dai ya cike fom kafin wa'adi. UCLA, wato Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, tun 2022 tana lamunce wa sabbin 'yan shekarar farko ɗaki har shekara huɗu, Jami'ar Jihar Ohio kuma tilasta wa 'yan shekarar farko da ta biyu take yi su zauna a ciki, ban da waɗanda aka yi wa uzuri. Inda aka tilasta zama a ciki, saurin biya ba ya ƙara maka komai sai wataƙila zaɓin gini.

Namu da muka bincika, ta farko, wadda ta turo imel ɗin, irin masu raba su ce, kafin alƙalamin ɗakin kuma ana mayarwa in an janye zuwa 1 ga Mayu. Muka biya na ɗakin kaɗai, na riƙe gurbi muka bar shi.

Yarjejeniyar ɗakin ita ce na fi so iyaye su zauna su karanta da kansu, don ita ce doka ta gaske a nan, kwangila ce da ake iya bin ka bashi a kanta. Yawanci ta shekarar karatu ce gaba ɗaya, zango biyu, ba wata-wata ba, kuma sau da yawa an haɗa ta da kuɗin abinci na dole. In yaro bai kai 18 ba sai uba ko uwa sun sa hannu. A ciki akwai jadawalin janyewa, kafin rana kaza a mayar maka duka, bayanta a yanke wani abu, in ka wuce wata rana kuma ana iya ɗora maka kaso mai tsoka na kuɗin zangon ko da ƙafarka ba ta taka ɗakin ba. Kuma janyewa daga ofishin admishan ba lallai ya soke ɗaki ba, sai ka rubuta wa ofishin gidaje daban, ka ajiye amsar da suka ba ka.

Ga namu yaran akwai ƙarin abu ɗaya da ɗan Amurka ba ya tunaninsa, biza. Sai makaranta ta ba da takardar I-20 mai shaida cewa ta ɗauki yaro, a biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje, da dala 185 na neman biza, a samu ranar intabiyu a ofishin jakadancin Amurka, kuma ana iya hana yaro ƙarƙashin sashe na 214(b) na dokar shige da fice, wato bai gamsar da su cewa zai koma gida ba, a cikin minti biyu, a watan Yuli, lokacin da ranar mayar da kuɗin ɗaki ta daɗe da wucewa. Don haka kafin a biya ko sisi a tura imel a tambaya ƙarara, in an hana biza za ku mayar, kuma wace shaida kuke so? Makarantu da dama suna sassautawa in ka nuna takardar hanin, amma a samu amsar a rubuce, kada a dogara da maganar waya, dalar da aka sayo da tsada a hannun 'yan canji ba abin wasa ba ce.

A cikin imel ɗin nan dai a haɗa da tambayar ko ana rufe ginin a hutun Disamba, don wasu ana rufewa kuma yaron da ya taso daga Kano ko Maraɗi ba shi da gidan da zai je cikin wannan sanyi, da ko akwai hawa na mata zalla ko maza zalla, da ko ɗakin cin abinci yana da na halal da tsarin sahur. Waɗannan ɗakunan na musamman su ne suke saurin cika, su ne kuma dalilin da ya sa nake cewa a cike fom ɗin ɗaki da wuri duk inda aka halatta yin haka ba tare da dipozit na gurbi ba. Haya a cikin gari kuwa ba na ba sabon zuwa shawararta, masu gida sukan nemi mai tsaya maka da ke zaune a ƙasar da tarihin biyan bashi, yaro ɗan 18 da ya sauka jiya ba shi da ko ɗaya.

A tsakiyar Afrilu makaranta ta biyu ta turo tayinta, ragin ya fi na farko nesa ba kusa ba. Ranar muka biya mata na riƙe gurbi, muka cike fom ɗin ɗakinta, sannan yaron ya zauna a gabana ya rubuta imel biyu zuwa ta farko, ɗaya ga ofishin admishan ɗaya ga ofishin gidaje. Kafin alƙalamin ya dawo bayan wasu makonni, kuɗin fom ne kawai bai dawo ba.