Sababbin littattafan almara da na ƙagen kimiyya: amsoshi ga masu karatu a Makka, Jidda da Madina

Tambayoyin nan su ne dai kullum, daga titin Shari'a Mansur na Makka har Riyad. Ga amsoshin a wuri guda. A karanta su kafin a sake tambaya.

Wanne zan fara da shi?

Idan Larabci ya fi maka sauri, ɗauki Haujan na Ibrahim Abbas. Idan Turanci ne, ɗauki The Tainted Cup na Robert Jackson Bennett. Guda ɗaya, ba biyar ba.

Ai Haujan ba sabo ba ne.

Gaskiya ne, a 2013 ya fito. Amma wanda bai karanta shi ba, me zai yi da sabo? Labarin wani aljani ne Musulmi mazaunin Jidda, wanda mutane suka tare a gidan da danginsa suke zaune, har ya kamu da son 'yar gidan, Sausan, ɗalibar likitanci. Gajere ne, Larabcinsa mai sauƙi, hirarsa da harshen mutanen Hijaz da kake ji a baƙala, wato shagon unguwa. Fim ɗin da aka yi da shi ne ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a Jidda a 2023. Karanta littafin tukuna.

Na Turancin fa, me ke cikinsa?

A 2024 ya fito, ya ci kyautar Hugo a 2025. Wani babban jami'i ya mutu saboda bishiya ta tsiro daga cikin jikinsa ta farke shi. Mai binciken, Ana Dolabra, takan ɗaure idonta da ƙyalle, ba ta cika fita daga ɗaki ba. Mataimakinta Din, wanda aka sauya masa ƙwaƙwalwa don kada ya manta komai, shi ke zuwa ya gani ya dawo ya karanto mata. A bayan wannan duka akwai katangar teku da ke tare wasu manyan dodanni a duk damina. Abin da ya sa na fifita shi: an warware kisan a cikin littafin, ba a bar ka a rataye ba. Na biyunsa, A Drop of Corruption, ya fito a 2025.

Akwai PDF?

Babu, kuma kada a ƙara tambayata. Kofen sata da ke yawo a Telegram sau da yawa hoton shafuka ne, wasu a karkace, wasu sun ɓace. Marubuci kuma bai ga ko sisi ba.

Ɗana shekararsa 14, a makarantar Larabci ya tashi, ya nace sai na saya masa irin waɗannan. Wanne ya dace?

Wannan ita ce tambayar da ba na iya yanke mata hukunci da kalma ɗaya, Hajiya, domin ya danganta da yaron da kuma abin da gidanku ya ɗauka. Akwai ɗan 14 da labarin aljanu ba ya ɗaga masa hankali, akwai wanda zai kwana da fitila a kunne har mako.

Abu na farko, kada bangon littafi ya ruɗe ki. Zanen takobi da doki ba ya nufin na yara ne. Mafi yawan waɗanda suka ci manyan kyaututtuka don manya aka rubuta su. Who Fears Death na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2010 kuma aka gina shi a Sudan ta wani zamani mai zuwa, littafi ne mai ƙarfi, amma akwai fyaɗe da kaciyar mata da kisan ƙare dangi a cikinsa, an faɗe su ba ɓoye-ɓoye. Ba na ɗan 14 ba ne. A Master of Djinn na P. Djèlí Clark, wanda ya zana Alƙahira ta 1912 da aljanu suna zaune cikin mutane, ya ci kyautar Nebula, amma jarumar tana soyayya da mace 'yar'uwarta. The Adventures of Amina al-Sirafi akwai ashar da barkwancin manya. Gara ki san waɗannan tun kafin ki biya kuɗi.

Na Usama Al-Muslim, marubuci ɗan Ahsa ta Saudiyya da matasa ke yi wa dogon layi a baje kolin littattafai, nan ne nake jan ƙafa. Khauf, wanda ya fito a 2015, da jerin Basatin Arabistan suna da saurin karantuwa, babi gajeru, kusan duk hira ce, kuma sun jawo yara da yawa da ba sa karatu sun fara. Amma cike suke da matsafa da sihiri da zubar da jini, kuma Khauf an rubuta shi kamar mai labarin yana ba da abin da ya faru da shi ne. Yaron da bai iya raba ƙage da gaskiya ba zai iya ɗauka da gaske. Ban ce a hana ba. Na ce a jira ya ƙara shekara biyu, ko kuma ki karanta tare da shi.

Wanda na fi natsuwa da shi a wannan shekarun shi ne Ardu Zikola na Amr Abdulhamid, ɗan Masar: ƙasar da ba a ciniki da kuɗi sai da basira, duk abin da ka saya sai hankalinka ya ragu, kuma wanda ya fi kowa talauci yanka shi ake yi a ranar bikinsu. Akwai soyayya amma mai kamun kai. Idan Turancinsa ya yi ƙwari, Project Hail Mary na Andy Weir, 2021: malamin kimiyya ya farka shi kaɗai a kumbo bai san sunansa ba, yana warware matsaloli da lissafi da gwaji. Ban san wani abin kunya a cikinsa ba, sai dai kimiyyar tana da yawa, wani yaron zai gaji.

Ko wanne kika zaɓa, yi abu uku. Tsaya a shagon littattafai na Jarir ki karanta shafi 20 na farko. Buɗe tsakiya ki karanta shafi 10, domin abin da ake gudu ba ya zuwa a farko. Sannan ki duba sharhin masu karatu a Goodreads ko Abjjad, ki fara da waɗanda suka ba shi tauraro ɗaya ko biyu, su ne ke faɗin abin da ya dame su. Duk da haka wani abu zai iya wuce ki. Idan ya faru, ba ƙarshen duniya ba ne, ki zauna ku tattauna. Yaron da ke roƙon littafi a zamanin waya abin godiya ne.

Babu na 'yan Najeriya ne?

Akwai mana. Noor na Okorafor, 2021, ya ratsa arewacin Najeriya, ɗaya daga cikin jaruman Bafulatani ne makiyayi. Lost Ark Dreaming na Suyi Davies Okungbowa, 2024, bai kai shafi 200 ba: teku ta cinye Legas, mutane suna zaune a dogon bene, masu hali a sama, talakawa a hawan da ke ƙarƙashin ruwa. Wannan na biyun za ka gama shi a dare biyu.

Da Hausa fa?

Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo tun 1969 ya kai yaro sararin samaniya. Masu son takobi da aljanu kuma sun san littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Ba a shagunan nan ake samun su ba, sai ka ba mai zuwa Umara daga Kano sautu.

Na sayi na uku a jeri ban gane komai ba.

To wa ya aike ka? Duba bayan bango ko shafin farko, ana rubuta lambar juzu'i. Kuma kada ka sayi jeri gaba ɗaya don an yi rangwame. Sayi na ɗaya, idan ka kai shafi 100 bai kama ka ba, ajiye shi ka ba wani.

Amina al-Sirafi ɗin da ka ambata, ya cancanci kuɗinsa ga babba?

Ƙwarai. Shannon Chakraborty ce ta rubuta, 2023. Tsohuwar shugabar 'yan fashin teku ce a ƙarni na 12, uwa, mai sallah mai tuba mai sake zamewa, aka tilasta mata komawa jirgi neman jikar wata attajira. Tafiyar ta bi ta Adan da Mogadishu da tsibirin Sokotra. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsohuwar Jidda ya kalli gidajen 'yan kasuwar teku zai ji labarin kusa da shi.

Ban same shi a Jarir ba.

Tambayi ma'aikacin ya duba maka sauran rassa a kwamfuta, ko ka yi oda ta intanet da adireshinka na ƙasa a rubuce daidai, in ba haka ba kayan su yi ta yawo. Na Larabci kuwa, jira baje kolin littattafai na Riyad, Jidda ko Madina, inda masu ɗab'i na Masar da Labanon ke zuwa da kansu. Tafi da sunan littafi da na marubuci a rubuce a waya.